Tsarabar Ruwan Tello

"Ke Muhsina, wai kurma kika zama ne, ko kuwa wulaƙanci kika koyo a Kamarun?"

Umma ce tsaye a bakin ƙofar ɗaki, ko mayafin unguwa ba ta cire ba. Muhsina ta juyo da dukkan jikinta, yadda ta koyi yi a 'yan kwanakin nan, don kunnenta na dama ya fuskanci mai magana.

"Na'am Umma?"

"Yanzu na baro gidan suna, mata sun sa ni a tsakiya. Wai jiya a bakin injin niƙa Inna Larai ta kira sunanki, ta sake kira, kika wuce ta ko waiwaye babu."



Inna Larai ita ce mahaifiyar Zaharaddini, saurayin da aka sa musu rana, bikin da za a yi da zarar an gama shigar da dawa rumbu.

"Wallahi Umma ban ji ta ba..."

"Ba ki ji ta ba? Matar da muryarta ke kaiwa bayan gari?" Umma ta matso tana ƙare mata kallo. "Tun da kika dawo nake lura da ke. Ki zauna kina karkata kai kamar kazar da ta hango shaho. A yi miki magana ki yi shiru, in kin tashi amsawa ki ɗaga murya. Me ya same ki a can?"

"Ba komai Umma. Gajiyar hanya ce."

Ƙarya ce. Kuma ta san ranar da za ta ƙare tana zuwa.

Abin da ya faru shi ne, jami'ar da Muhsina ke karatu a Kano ta zaɓi wasu ɗalibai masu nazarin ƙasa su je Kamaru su ga wuraren da koguna ke faɗowa daga kan duwatsu, sunanta kuma ya fito a ciki. Ita da tun tana ƙarama ruwan da ta sani shi ne na rijiya da na kududdufi da ɗan rafin bayan gari, ta kwana ta tashi da zancen. Babanta Malam Garba bai hana ba, tun da da malamai mata za a tafi. Zaharaddini ma dariya ya yi, ya ce shi dai a taho masa da tsaraba.

Inna Larai ce ta ce ba ta yarda ba.

A Unguwar Dabo, ƙauyensu da ke gefen Kunci, tsofaffi suna cewa yarinyar da aka sa wa rana ba ta kusantar babban ruwa, wai mutanen ruwa suna son amare. Yawancin mutane sun mai da maganar tatsuniya. Ban da Inna Larai. Ita tana da dalili, kuma kowa ya san shi: babbar 'yarta Asma'u, ana saura mako guda bikinta, ta bi ƙawayenta wanki rafin bayan gari a shekarar da ya kawo, ba ta dawo da ƙafarta ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Tun daga ranar Inna ba ta ƙara bin hanyar rafi ba, kuma bishiyar lallen da Asma'u ta dasa a bayan ɗaki don bikinta, ba a sake tsinkar ko ganye ɗaya a jikinta ba. Amare nawa aka roƙar wa, ta hana.

Da ƙyar Zaharaddini ya shawo kanta. Ita da kanta ta zo gidan su Muhsina ana gobe tafiya, ta kama hannunta.

"Ki yi mini alkawari guda. Ki kalla daga nesa. Kada ko yatsanki ya taɓa shi."

"Na yi alkawari Inna."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, Allah shi ne shaida. Sai dai alkawarin da aka yi a tsakar gida, a kan busasshiyar ƙasa, bai san magangarar ruwan Tello ba.

Sun bi ta Yola, suka ƙetare iyaka, suka kwana a Garwa, suka hau tudu har Ngaundare mai sanyi. Magangarar ruwan farko da aka kai su, Muhsina ta tsaya can nesa da littafinta kamar mutuniyar kirki. Amma ranar da suka je Tello, tun motar ba ta tsaya ba take jin ruri a ƙirjinta. Suka gangara ta wata 'yar hanya mai santsi, sai ga kogi guda yana sakkowa daga sama, fari fat, feshinsa yana tashi kamar hayaƙi. Ta tuna yadda take jan guga har tafin hannunta ya yi kanta don ta cika tulu ɗaya, ga shi nan ana zubar da shi ba dare ba rana, babu mai cewa a rage. Sai ta ji hawaye.

Mai yi musu jagora ya ce akwai kogo a bayan ruwan, ana shiga a tsaya a kalle shi ta ciki. Kowa ya bi. Ta tsaya ita kaɗai, ta tsaya, ta ƙara tsayawa. Daga nan ƙafafunta suka yanke hukunci ba tare da sun shawarce ta ba.

Ta shiga. Ta miƙa hannu. Ta miƙa kai, ruwan ya daki gefen fuskarta na hagu da ƙarfin da ya kusa kayar da ita, tana ta dariya kamar yarinya. Kafin su fito ta ɗura shi a gorar roba, domin akwai wanda ya ce a taho masa da tsaraba.

Tun a mota kunnen ya toshe. Kafin su iso Kano ya fara zugi. Yanzu ga shi yana fitar da ruwa, tana cusa auduga tana ja masa ɗankwali, kuma ba ta jin komai ta ɓangaren sai wani ruri mai kama da na Tello.

In ta ce kunnenta ne, za a ce me ya same shi.

In ta faɗi abin da ya same shi, ta karya alkawarin Inna.

Gaba kura, baya sayaki.

Bayan la'asar Zaharaddini ya zo. Daga gona yake, ya dai yi wanka ya sa farar riga, amma ƙaiƙayin dawa na nan a wuyansa yana susa. Ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta zauna ta inda zai kasance a damanta.

Bai yi mata tsokanar da ya saba ba. Ko "'yar boko" bai ce ba.

"Yaya Dini, lafiya?"

"Gorar nan da kika ba ni..." Ya sunkuyar da kai. "Tana hannun Inna."



"Ba na ce ka ɓoye ba?"

"Na ɓoye, a bayan buhun iri. Zulaihatu ce ta shiga shara."

Zulaihatu 'yar ƙanin Inna Larai ce, a gidan ta tashi. Ɗakin Zaharaddini kuwa yana shan shara a wurinta fiye da yadda kowane ɗakin saurayi ke buƙata, kuma duk unguwa an san ba ƙaunar tsintsiya ce ta kawo haka ba. Tun ranar da aka kai kayan sa ranar Muhsina, Zulaihatu ta daina gaishe ta.

"Me ta ce wa Inna?"

"Ta ce ruwan asiri ne kika karɓo a can don a zuba mini a fura. Ta nuna mata gansakukar da ta kwanta a gindin gorar. Ta ce ta gan ki a bakin rijiya kina girgiza kai kina bubbuga kunne ke kaɗai, wai magana suke miki. Sai kuma ga zancen injin niƙa."

"Su wa suke mini magana?"

"Kin sani ai."

Ta sani. Mutanen ruwa.

"Ka yarda?"

"Haba rabin raina. Ni da na ce ki kawo mini? Na faɗa wa Inna haka, ta ce ai dama abin da aka yi mini ke nan, ba zan ga laifinki ba." Ya ja numfashi. "Ta ce Baba ya turo a ɗaga bikin. Kin san kuwa in aka ce an ɗaga a garin nan..."

Ba sai ya ƙarasa ba. Bikin da aka ɗaga ba tare da an sa wata rana ba, an fasa ne da ladabi.

"Yaushe za a turo?"

"Bayan Juma'a."

Ya dube ta sosai, irin duban da take gudu.

"Muhsina, abu ɗaya ne ban gane ba. Inna ta tambaye ni na rasa amsa. Wanda ya tsaya daga nesa, ta yaya ya cika gora?"

Ta buɗe baki. Ƙarya tana nan a kan harshenta a shirye, cewa wata ƙawa ce ta ɗebo mata. Amma ta kalli hannayensa da kaftu da yankan dawa suka farfasa, hannayen da suka yi yaɓen ɗakin da za ta zauna, sai ƙaryar ta ƙi fita.

Ta ɗaga gefen ɗankwalinta, ta zaro audugar.

Ya daɗe yana kallo.

"Innalillahi... Tun yaushe?"

"Tun a can. Na shiga, Yaya Dini. Har bayansa na shiga."

"Shi ne kike zaune da wannan kina ɓoyewa? Kina so ki rasa kunnen?"

"Gara in rasa kunnen da in rasa ka."

"Kada ki ƙara faɗin haka." Ya miƙe, ya koma ya zauna, ya rasa inda zai sa kansa. "Gobe da safe zan kai ki asibitin Kunci. Inna kuwa ki bar ni da ita, zan ce wata ce ta ɗebo miki, kunnen kuma sanyin mota ne."

"A'a."

"Muhsina..."

"Hannuna ta riƙe na yi mata alkawarin. Ba zan shiga gidanta a kan ƙarya biyu ba."

Ta ji tsoron maganar tun kafin ta gama fitowa. Amma ta riga ta fito.

Washegari, bayan an wanke mata kunne a asibiti an ba ta magani, likita ta yi mata faɗan da ya dace da ita, Muhsina ta yi abin da ba a yi. Budurwar da aka sa wa rana ba ta taka gidan surukai, ko hanyar ƙofarsu kaucewa take. Ita kuwa ta ja hijabi har ƙasa, ta bi ta lungun bayan masallaci, ta yi sallama a gidan Inna Larai. 

Zulaihatu ce a tsakar gida tana tankaɗe. Ta saki rariyar.

"Lallai. Inna, fito ki ga ikon Allah, abin har ya kai ta kawo kanta."

Inna Larai ta fito daga ɗaki da carbi a hannu. Ba ta amsa gaisuwa ba. Muhsina ta durƙusa a ƙasa, ba ta jira tabarma ba. A bayan Inna tana hango bishiyar lallen, ta yi duhu da ganye, rassanta har sun haura katanga.

"Me ya kawo ki?"

"Na zo in faɗa miki gaskiya ne, Inna."

"Ai ba ita ke magana ba," in ji Zulaihatu. "Ki tofa ayatul kursiyyu kafin ki..."

"Ke, je ki duba mini awaki."

"Inna ai na ba su dusa tun..."

"Ki sake ba su."

Zulaihatu ta fita tana jan ƙafa, ta tsaya inda kowa ya san za ta tsaya, a bayan zana.

Muhsina ta faɗi komai. Ba ta rage ba, ba ta yi wa kanta ado ba. Ta ce babu wanda ya ja ta, babu wanda ya kira ta, ita ce ta ga ruwan ta kasa haƙuri. Ta nuna kunnen da maganin asibiti. Ta ce gorar tsaraba ce kawai, don mutumin da bai taɓa ganin irinsa ba ya riƙe a hannunsa.

"Da na ji kiranki a bakin injin, Inna, da ko a guje nake sai na durƙusa."

Inna ta naɗe carbinta a hannu, ta dube ta.

"Kin taɓa shi ke nan."

"Na taɓa."

"Bayan kin riƙe hannuna."

"Eh Inna."

"Kin san kwana nawa na yi ban runtsa ba da kika tafi? Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai in ce shi ke nan, an zo faɗa mini." Muryarta ta fara karyewa, ta daure. "Na taɓa jera kayan ɗaki na kwashe su da hannuna, Muhsina. Ba na son in ga uwarki ta yi."

Muhsina ta kifa kai tana kuka marar sauti.

"An ce kuna ɗauka a waya. Nuna mini abin da ya fi alkawarina."

Muhsina ta lalubo hoton mai motsi da wata ƙawarta ta ɗauka, ta miƙa. Inna ta riƙe wayar nesa da fuskarta kamar za ta jiƙa ta. Rurin ya cika tsakar gidan. Ga farin ruwa ya rufe bakin kogo kamar labule, ga wata yarinya jiƙe sharkaf ta miƙa hannuwa biyu, tana dariya har tana tuntuɓe.

Inna ta kalla har ya ƙare. Ta ce a sake sa mata. Ta sake kallo.

"Ita ma haka take dariya," ta faɗa a hankali, ba da Muhsina take ba.

Ta miƙo wayar.

"Tashi ki tafi gida. Budurwa ba ta zama a gidan surukai."

"Inna, kin yafe mini?"

"Na ce ki tashi."

Haka ta fito ba ta san matsayinta ba. A gida Umma ta ji duk labarin, ta yi faɗa har ta gaji, daga baya ta zauna ta ɗiga mata maganin da kanta tana sharar ƙwalla. Malam Garba bai ce komai ba sai "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri," maganar da ta fi duka zafi. Zaharaddini ya kira ya ce Inna ba ta yi wa kowa magana, ko shi. Gorar ma ya neme ta a ɗakinta bai gani ba.

Juma'a ta zo ta wuce. Muhsina ta kasa cin abinci. Duk sallamar da aka yi a zaure sai ta karkata kunnen dama tana jiran ta ji muryar dattawan da za a turo ɗaga bikin. Rurin da ke kunnenta ya fara raguwa, amma ta gwammace ya dawo da ta ji abin da take tsoro.

Ranar Asabar da hantsi tana tsintar wake a gindin darbejiya aka yi sallama. Muryar mace ce, wadda ke kaiwa bayan gari.

Wannan karon ta ji.

Inna Larai ta shigo ita kaɗai, ɗauke da ƙwarya an rufe da faifai. Umma ta yi saurin shimfiɗa tabarma, fuskarta ta nuna ta riga ta sallama. Muhsina ta so ta gudu ɗaki kamar yadda kunya ta tanada, amma sai ta matso ta durƙusa a gefe.

Aka gaisa, aka tambayi gajiyar kaka, aka tambayi awaki. Inna ba ta gaggawa.

"Dattawa ba za su zo ba," ta ce daga ƙarshe. "Na ce wa maigidana zancen mata ne, ni zan zo."

Umma ta gyara zama. "To Inna, duk abin da kuka yanke..."

"Zulaihatu na mai da ita gidan ubanta ta kwana biyu, ta huta da shara."

Ba wanda ya yi dariya, ko da yake Umma ta so.

Inna ta tura ƙwaryar gaban Muhsina.

"Buɗe."

Ta ɗaga faifan. Ƙamshin ne ya fara dukanta. Ganyen lalle ne ɗanye shar, cike da ƙwaryar har baki, ga 'yan ƙananan furanninsa a ciki.

Umma ta dafe ƙirji. Duk Unguwar Dabo bishiyar lalle ɗaya ce mai irin wannan ganyen.

"Inna..." in ji Muhsina.

"Ruwan naki na zuba masa a gindi. Na zauna ina jira in ga ko zai bushe." Ta goge ido da bakin mayafi. "Bai bushe ba. A shanya shi a inuwa, kada a sa a rana, zai fi kamawa."

Muhsina ta faɗa jikinta tana kuka, ta manta da kunya, ta manta da waye a wurin. Inna ta bar ta ta yi mai isarta. Sannan ta kama haɓarta ta juya fuskarta a hankali.

"Wanne ne mai lafiyar?"

"Na dama."

Inna Larai ta sunkuya daidai kunnen dama, ta rage muryar nan tata har ta zama ta mutum biyu kawai.

"Na yafe miki. Amma in za ku je wurin ruwan nan ke da mijinki, kada ki yi mini alkawarin komai. Ki dai dawo."